Turken Kawu a Tsakiyar Falona

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, rabinsu kuma ina shugaban makaranta. Duk wanda ya daɗe riƙe da alli akwai ciwon da ke kama shi: sai ya riƙa ganin duniya aji ce, kowa kuma ɗalibinsa ne. Da wannan ciwon na yi ritaya, da shi kuma na komo gida ƙasar Yauri don in gina inda zan ƙarasa kwanakina.

Gidan ba don ni da mai ɗakina kaɗai ba ne. Inna nake so in ɗauko. Tun rasuwar mahaifina take zaune a ɗaki guda cikin gidan gado a Yelwa, tsakanin kukan jikoki da ƙarar injin niƙa na maƙwabta. Ba a garin aka haife ta ba. Ƙauyensu yana gaɓar Kwara ne, kuma yana cikin waɗanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin. Ina goye a bayanta ranar da suka fita. Ta bar dutsen niƙanta da kabarin mahaifiyarta a can, kuma ban taɓa jin ta ba da labarin har ƙarshe ba. Kullum a tsakiya take tsayawa ta ce a kawo mata buta.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai dole. Ina zaune a gabanta za ta juya ga matata ta ba ta saƙo. Ranar da na kai mata maganar gida ma haka aka yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dubi matata.

"Gaya ma mai gidanki, ruwa ya tashe ni sau guda, ba shi tashe ni sau biyu. In ya samu inda ruwa ba shi kai, in bi shi. In bai samu ba, shi bar ni nan."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Har dariya na yi, don na ɗauka sharaɗi ne mai sauƙi.

Filin da na samu na dangin Inna ne, a wani ƙauye na bakin tafkin da datse kogin ya haifar, wajen Wara. Ƙaninta, Kawu, shi ne babba a wurin. Masunci ne tun yana yaro, siriri, mai ƙarancin magana, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata saboda jan taru. Ya zaga da ni ya ce in zaɓi inda ya yi mini. Watan Agusta ne, damina ta kankama, ko'ina kore shar. Na bar tudun da ke kusa da gari, mai duwatsu da tsakuwa, na gangara na zaɓi wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa, inda ake hango ruwa yana ƙyalli can nesa. Daga nan zuwa bakin ruwa sai da na yi tafiya mai ɗan tsawo, har na yi gumi.

Kawu ya tsaya ya dubi filin ya dube ni.

"Malam, wanga hili makwancin ruwa na."

Na ce, "Kawu, yau tsakiyar damina muke. Jiya an kwana ana ruwa. In ruwa bai zo nan yanzu ba, yaushe zai zo?"

Ya ce, "Shina zuwa."

Nan na yi masa darasi. Abin kunyar shi ne, labarin ƙasa na koyar shekara da shekaru. Na sha zana Kwara a allo, ina gaya wa yara cewa cika biyu take yi: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa daga ƙasashe masu nisa bayan an daina ruwan sama. Na san tafkin ba ya cika sai damina ta juya baya. Amma a Gusau da Funtuwa na yi rayuwata, inda rafi ke cika da damina ya ƙafe da rani, kuma ido na ya fi yarda da wannan. A dogon hutu nake zuwa gida, lokacin da tafki yake can ƙasa. Na san ruwa yana hawa. Ban san cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tafiya yake yi ba.

Kawu bai ja da ni ba. Akwai mutane a wurin, ga ni da furfura, ga shi kowa na ce mini Malam. Ya juya ya koma gida.

Zanen gidan da hannuna na fara shi a takardar jarrabawa kafin in kai wa mai zane ya gyara. Na yi masa tanadin tsufa. Babu matakala ko ɗaya, ƙofofi masu faɗi, makewayi kusa da kowane ɗaki. Ɗakin Inna na sa masa taga ƙasa-ƙasa, yadda tana zaune a tabarma za ta ga waje ba sai ta miƙe ba. Na ware madafi a tsakar gida da murhun itace, don ta rantse tuwon da aka tuƙa a gas ba ya ƙosar da ita. Sai falo babba da baranda mai fuskantar ruwa, wannan kam don kaina na yi shi. Na riga na ga kaina a kujera da rediyo da kofin shayi.

Maginin da na ɗauka Bakambare ne daga kan tudu, dattijo, Kirista, ba ya aiki ranar Lahadi, kuma ba ya ɗora bulo sai ya duba da igiya sau biyu. Muka ja igiya, muka kafa fegi, muka zuba toka a kan layi.

Washegari da safe na iso na tarar da wani baƙin turke, tsawonsa ya kai ƙirjina, a kafe daram a tsakiyar inda falona zai kasance. Na tambayi leburori, suka ce Kawu ne ya kafa shi bayan asuba. Na aika aka kira shi.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Turkena na. Nan nika ɗamre jirgi."

Na duba hagu na duba dama. Ciyawa ce da awaki. Jirginsa yana can bakin ruwa, ko ƙyallinsa ba a gani. A garuruwan da na zauna, in mutum ya wayi gari ya kafa itace a filinka, ma'anarsa ɗaya ce, yana cewa nasa ne. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, wato ya ba ni da baki, yana so ya karɓe da turke.

Na ce, "In kun fasa ba ni filin, ku faɗa mini a fili. Ban dawo gida don a yi mini wasan yara ba."

Na kama turken na girgiza, na girgiza, har ya tumɓuke. Na jefar da shi cikin ciyawa a gaban leburori da masu wucewa. Kawu ya bi shi da kallo. Ya saɓa filafilinsa a kafaɗa ya gangara.

Abin da ban sani ba, kowane yaro a ƙauyen ya san shi. Masuntan wurin tun ƙasa na bushe kowa ke kafa turkensa a inda jirginsa zai tsaya idan tafki ya cika, don kafa itace cikin ruwa wahala ne. Wanda duk ya ga turke a busasshiyar ƙasa ya san har nan ruwa ke zuwa, ya san kuma inda ba zai ajiye ko buhun gero ba. Kawu ya gaya mini da baki na ƙi ji, bai so ya maimaita a gaban jama'a ya kunyata ni, shi ne ya rubuta mini da irin rubutunsu. Ni kuwa malamin makaranta na kasa karantawa.

Da aka fara haƙa harsashi, magini ya kira ni ya buɗe tafin hannunsa. Ƙumba ce cike, irin ta cikin ruwa.

"Malam, ƙasan nan ta san ruwa fa."

Na ce masa wannan ta zamanin da ce, tun kafin a haifi kakanninmu. Ya dube ni, ya zubar da ita, ya ce ni ke da gida.

Aka zuba kankare, aka tsayar da rodi, gini ya tashi har gwiwa. Aka buga bulo aka jera shi reras a gefe, siminti kuma na cikin wata rumfar kwano. Ana cikin haka aka kira mu 'yan fansho tantancewa a Birnin Kebbi. Abin da na zaci na kwana uku ne ya ci mini makonni, daga nan kuma zazzaɓi ya kwantar da ni a gidan ɗiyata. Damina ta ɗauke ina can. Hankalina kwance, ina cewa ai mun tsallake.

Wata ranar Talata da hantsi matata ta kira ni a waya.

"Malam, in kana son ganin gidanka ka taho yau. Gobe sai dai ka shiga jirgi."

Washegari da azahar na iso. Na tsaya a kan tudu na kasa gane wurin. Babu ko gajimare a sama, rana na dukan ƙeya, amma ciyawar nan duk ta tafi. Ruwa ne shimfiɗe, shiru, ba igiya ba hayaniya, ya shigo ɗakin Inna ya fita ta madafi. Kawunan rodi kaɗai ke leƙowa. A daidai tsakiyar falona kuwa, inda na tumɓuke turke, Kawu ne tsaye cikin jirginsa, ya dogara da gora.

Ba shi kaɗai ba ne. Jirage sun fi goma, sun yi layi daga inda aka jera bulo zuwa gindin tudu. Maza na tsaye cikin ruwa har cinya suna miƙa bulo hannu da hannu, ana lodawa, ana turawa. Magini da mutanensa na kan tudu suna saukewa. Siminti tun kwana biyu da suka wuce aka kwashe shi, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Mata sun kawo fura a ƙwarya. Ba wanda na aika, ba wanda na roƙa. Kawu ne ya bi gida-gida ya kira gayya, don kayan mutumin da ya ci masa fuska.

Na zauna a kan dutse. Ban fi jin asarar harsashin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin Inna da na gani cike da ruwa. Da Allah ya sa ruwan ya yi jinkiri shekara guda, da na gama ginin, na ɗauko tsohuwar nan na kwantar da ita a nan, da hannuna na mayar da ita ranar da ta fi tsoro a duniya.

Da suka gama, Kawu ya hauro yana matse bakin wandonsa. Na shirya jin magana, kuma na cancanci ko wace iri ce. Sai ya nuna wani wuri a kan tudun, ƙarƙashin giginyu uku, inda yake shanya tarunsa da warangi, 'yan ƙananan kifin nan da ake busarwa a rana.

"Malam, ga wuri nan. Tun da anka yi tabkin ga ruwa bai taɓa taka shi ba. Gina ma yayata ɗaki."

Na ce, "To kai ina za ka yi shanya?"

"Rana ba ta ƙarewa," in ji shi.

Shekara ɗaya da 'yan watanni muka yi muna gini a tudun. Ƙasar dutse ce, diga tana tartsatsi. Falo ya ragu, baranda ta ragu, amma ban taɓa ko taku ɗaya na ɗakin Inna ba. Wannan karon kafin a ja igiya sai da na kira Kawu, shi ya ce a juya ƙofar don iskar da ke tasowa daga tafki da yamma kada ta riƙa buga ta. Magini ya ce a ɗaga dandamali kaɗan saboda kunama. Duk abin da suka faɗa na ce to. Matata ta ce da ta san ruwa ne maganina, da tuni ta kai ni rafi.

Na yi wa Kawu godiya, ba sau ɗaya ba. Na kai masa goro da shadda, ya sa albarka. Amma maganar turke ban taɓa tayar da ita ba. Na ce a raina ta wuce, tayar da ita ma sai ya zama fami. Gaskiyar kuwa, bakina ne bai saba da ba da haƙuri ba. Shekara talatin da biyar ni ake ba.

Aka sa kwano, aka yi fenti, aka kafa sola. Damina ta sake zagayowa. Na ɗauki mota da matata muka tafi Yelwa ɗauko Inna. Na yi mata bayanin tudun, na ce ko tafkin zai ninka kansa ba zai kai ba. Ta ce wa matata ta ji, ƙaninta ya gaya mata, wurin ya yi. Amma ba ta motsa daga tabarma ba. Kayanta ma ba a ɗaure ba.

Ta juya ga matata.

"Tambai mai gidanki, ina turken ƙanena?"

Ashe ta sani tun ranar.

"Wanga turke na babanmu na. Kirya ta. Shi kaɗai ƙanena yaf fito da shi daga garinmu ranar da munka tashi, a kahwaɗa yad ɗauko shi. Ɗan da nig goya ya hidda shi ya yas gaban mutane. Ban shiga gidan da anka gina bisa wanga. Shi maida shi inda yag gane shi, da hannunai."

A hanyar komawa, da muka kusa gari, matata ta ce, "Ka san inda ka jefa shi?" Na sani, amma ruwa ya hau wurin ya sauka tun daga lokacin. Kwana biyu ina bin ciyawa da sanda kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Na tambayi masu noman albasa a wurin, ba wanda ya gani. A rana ta uku magini ya zo karɓar kayan aikinsa, ya tarar da ni zaune a baranda na yi tagumi. Da na gaya masa, sai ya ce in biyo shi. Ya kai ni bayan madafi, ya ɗaga tsofaffin katakan linta. Ga turken nan kwance.

"Tun ranar na ɗauke shi. Mu a wajenmu ba a barin itacen tsoho a ƙasa. Na san za ka neme shi, ban dai san yaushe ba."

Na riƙe hannunsa da hannuwana biyu na daɗe ban saki ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zaɓa, don a gaban mutane na yi laifin. Na saɓa turken a kafaɗa na ratsa gari. Kirya akwai nauyi, ban san haka take ba sai ranar. Tafki ya ja baya, tsohon harsashina ya fito, ya yi kore da gansakuka. Na shiga falon da ban taɓa zama a cikinsa ba, na haƙa rami, na tsayar da turken, na ɗauki dutse na fara bugawa. Hannun da bai san abin da ya fi alli nauyi ba, kafin a jima ya yi bororo. Jama'a sun taru a gefe, ba mai dariya, ba kuma mai taya ni, don sun san ba a taya mutum irin wannan.

Kawu ya iso a ƙarshe. Na ajiye dutsen, na cire hula, na durƙusa a cikin laka.

"Kawu, na yi maka rashin kunya, kuma kai ke da gaskiya. Ka yafe mini."

Ya zagaya turken, ya kama shi ya girgiza.

"Ya karkace, Malam. Wa ak koya maka aiki?"

Sai a lokacin mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Ya karɓi dutsen ya yi masa bugu uku, turken ya miƙe. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce in je in wanke gwiwata kada yayarsa ta ce ya wahalar mata da ɗa.

Bayan kwana huɗu Inna ta tare. Ta shiga da bisimilla, ta shafa bango, ta duba murhu ta ce a matsar da dutse ɗaya. Amma na lura ƙullin kayanta guda ba ta kwance shi ba. Yana nan a bakin ƙofa, ɗaure tamau. Matata ta so ta kwance, ta hana. Ban tambaya ba, na gane. Jira take ta ga cikar ruwa da idonta.

Damina ta ɗauke, ruwa ya fara tahowa. Kullum da safe tana zaune a tabarma gaban tagar nan tata, tana kallonsa yana cin ciyawa kaɗan-kaɗan. Ya shiga tsohon harsashi, ya rufe shi, ya kama turken har rabi. Kawu ya fara ɗaure jirginsa a wurin. Ruwan ya ƙaro 'yan taku zuwa gindin tudu, ya tsaya. Mako guda yana nan, wata guda yana nan. Baƙin ruwa ya iso ya riƙe shi a wurin har sanyi ya wuce, bai ƙara ko taki ɗaya ba.

Wata ranar da la'asar na shiga gaishe ta. Matata tana madafi, mu biyu ne kawai a ɗakin. Na ga ƙullin a kwance, zannuwanta a jere cikin kwalla, tasbaharta rataye a ƙusa. Ta taga ana hango jirgin Kawu a jikin turke, yana lilo a hankali. Na gaishe ta na yunƙura zan fita, don na san ba mai karɓar saƙo a ɗakin.

"Zamna," in ji ta.

Na zauna. Ba ta dube ni ba, tagar take kallo, amma da ni take.

"Gidan ga ya yi. Allah shi yi ma albarka. Daga nan kuma ba mai tashe ni, sai ranar da anka kawo makara."

Na ce amin. Muka ci gaba da zama muna kallon ruwa, har Kawu ya hauro da kifi a hannu yana tambayar ko an ɗora tukunya.